"Barci ba a cin bashinsa": hani ne ko labari?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da mahaifiyata take yawan faɗa mini in Sallah ta matso: "Barci ba a cin bashinsa." Shekara da shekaru ina jin ta ina wucewa, sai a azumin bana ta tsaya mini a rai. Goman ƙarshe ɗinki ya taru, na yi kwana biyar ban haɗa awa uku a kwance ba. A dare na shida, wajen ƙarfe uku, ina kan keke ina jan wuyan wata shadda, a ganina idona biyu, sai ji na yi allura ta huda farcen yatsana ta fita ta ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na tafi ba. Jini ya ɓata shaddar mutane, na biya yadi biyar, na yi mako biyu ban taka keke ba.

Tambayata ga masana Hausa: wannan "ba a" ɗin me take nufi? Hani ne, wato kada ka ci bashin? Ko labari ake ba mu cewa ko ka so ci ba zai ciyu ba?

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ɗana. "Ba a" a bakin Bahaushe tana da fuska biyu. In an ce "ba a fafe gora ranar tafiya", ai gorar tana fafuwa, wauta ce dai yin hakan. In kuma an ce "ba a shan zuma sai an sha harbi", labarin yadda duniya take ake ba ka. Ni a kunnena ta barci tana cikin kashi na biyu. Shi ya sa tsofaffinmu ke haɗa ta da 'yar uwarta, su ce "barci ɓarawo". Mai bin ka bashi yakan yi sallama, ka ba shi haƙuri, ku sa rana. Ɓarawo ba ya sallama. Kai ka ɗauka rance ka karɓa za ka biya bayan Sallah, shi kuwa ya shigo ƙarfe uku ya ɗauki abinsa.

Direban Tirela:
Baba, a gafarce ni, ban yarda gaba ɗaya ba. Shekarata 19 ina jan mota tsakanin Kano da Legas, kuma bashin barci muke ci mu biya. In na sauke kaya sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota in yi awa goma sha biyu, in tashi garau. Wannan karin maganar ta masu zaɓi ce. Ana cewa "dare mahutar bawa", to mu da masu gadi da 'yan gidan burodi da ma'aikatan asibiti, darenmu shi ne kasuwarmu. Ka faɗa wa mai gadi kada ya ci bashin barci, me 'ya'yansa za su ci? Goro da shayi mai kauri su suka riƙe mu har yau.

Sista Mai Aikin Dare:
Alhaji direba, ni ma darena kasuwata ce, shekara 11 ina kwana a ɗakin haihuwa, don haka ba daga kan katifa nake maka magana ba. Amma abin da ya sami Malam tela shi nake jiye maka. Ƙwaƙwalwar da aka hana barci takan ɗauke na daƙiƙa biyu zuwa 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ido a buɗe, mai ita kuma bai sani ba. Shi allura ce a gabansa. Kai tirela ce a hannunka, kuma motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 20 a kowace daƙiƙa. Lissafa daƙiƙa huɗu a gangaren hanya.

A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya sun gwada mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa sun yi sanyi kamar na wanda ya sha giya har ta kai 0.05 cikin ɗari a jininsa. Mutumin da bai taɓa kusantar giya ba sai ya hau hanya a wannan hali yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Goro kuwa ba ya biyan bashi. Muddin kana farke akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ka ji nauyin ido. Abin da ke hana barci a cikin goro da shayi da kofi, wanda Bature ke kira "caffeine", toshe wurin da wancan sinadari yake sauka kawai yake yi, sinadarin na nan yana ƙaruwa. Kuma rabin abin da ka ci yana nan a jininka bayan kamar awa biyar, shi ya sa goron la'asar ke hana wasu barcin dare.

Direban Tirela:
To Sista, awa goma sha biyun da nake yi fa? Ba biya ba ne?

Sista Mai Aikin Dare:
Biya ne, amma ba duka ba. Gyangyaɗin yakan tafi, jiki ya saki. Sai dai babba ana so ya samu aƙalla awa bakwai a kowane dare, kuma waɗanda suka daɗe suna yin ƙasa da haka an fi samun hawan jini da ciwon suga da ƙiba a cikinsu. Rashin barci yana ƙara jin yunwa, yana raunana garkuwar jiki, yana gajarta haƙuri. Ka tambayi uwargida yadda kake a ranar da ka dawo daga tafiya. Ba cewa nake ka bar sana'a ba. In ido ya fara yaji ka faka ka yi ƙailula ko ta minti ashirin, kuma ka je a auna jininka.

Yayar Marayu:
Ina karantawa tun ɗazu, na kasa yin shiru. Duk kuna maganar wanda ya ƙi biyan bashi ne. Wanda yake so ya biya amma yana tsoron mai bashin fa?

Ƙanena ya yi kwana 40 a daji hannun masu garkuwa da mutane. Allah ya kuɓutar da shi, yanzu wata bakwai ke nan. Raunukan ƙafarsa sun warke, amma barci ya zama masa abin gudu. Da ya rufe ido sai ya ji ƙarar babura, ya ga an sake ɗaure shi. Yakan zabura da ihu, rigarsa sharkaf da gumi, ya laluɓi ƙofa. Yanzu da gangan yake ƙin kwanciya. Ina fitowa tsakar dare in same shi zaune a kan turmi a tsakar gida, ya jingina da bango, waya a hannu ba abin da yake kallo, jira kawai yake a kira assalatu. Ya rame, ba ya iya zama a shago, ƙaramin abu sai ya hau faɗa da yara, bayan nan ya koma ɗaki yana kuka. Rannan wata gwaggonmu ta ce masa, "Kai dai ka kwanta, barci ba a cin bashinsa." Ya dube ta ya ce, "Gwaggo, can suke jirana." Tun daga ranar na ji maganar nan ta fita raina. Da bakin alheri ta faɗa, amma a kunnensa kamar an ce masa ya koma daji ne.

Dattijon Zaure:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, kin yi gaskiya, kuma kin gyara mini. Karin magana kamar magani take, tana da wanda aka haɗa ta dominsa. An yi wannan ne don mai kwaɗayin aiki da mai hira har asuba. Ba a yi ta don wanda aka ƙwace wa dare ba. Gwaggonku ba ta yi laifi ba, abin da ke hannunta ta miƙa.

Ɗan Tsangaya:
Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa mafarki mai kyau daga Allah ne, mummuna daga Shaiɗan, kuma wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah. A ruwayar Muslim an ƙara da cewa ya juya ɗaya gefen. A Bukhari da Muslim duka kuma an hana ba da labarinsa. Ya riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Ga Malam tela da Alhaji direba kuma, Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr, da ya ji yana raya dare duka, jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka ma yana da haƙƙi a kanka. In an faɗi haka a kan sallah, ina ga ɗinki?

Na Bakin Kasuwa:
To ai Malam ya gama magana. An ce kada a faɗa wa kowa, don haka batun asibiti bai taso ba. Irin wannan aikin iska ne. Ni kaina dannau ya sha danne ni, ina ji ina gani ba na iya motsa ko yatsa, ga wani baƙin abu a bakin ƙofa. Wane likita ne zai auna wannan?

Sista Mai Aikin Dare:
Ɗan'uwa, dannau ya taɓa kama ni a ɗakin hutu bayan kwana uku ina aikin dare, na san tashin hankalinsa. Ga abin da aka gano. Barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kusan duk minti 90, kuma akwai matakin da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, wanda aka fara bayyana shi a Jami'ar Chicago a 1953. A nan mafi yawan mafarkai masu ƙarfi suke zuwa, kuma a nan jiki ke kulle gaɓoɓi don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga da gaske. Wani lokaci hankali kan farka kafin a buɗe kullen, sai ka ga ɗakinka sosai, ga guntun mafarki bai gama wucewa ba, ga jiki ya ƙi motsi. Ya fi samun wanda barcinsa ya rikice da mai kwanciya rigingine. Yi addu'arka, ka kuma gwada kwanciya ta gefe.

Hajiya, abin da ya fi damuna da ƙaninki shi ne gudun barcin yana ciyar da mafarkin. In aka daɗe ana tauye wannan mataki, ranar da barci ya ci ƙarfin mutum sai ya zo da yawa kuma da zafi. Ga shi tsoro ya hana barci, rashin barci ya ƙara tsoro. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon firgici da ke bin wanda ya tsallake bala'i, kuma ana maganinsa. Akwai hanyar da ake koya wa mutum ya zauna da rana, ya sake tsara mafarkin da wani ƙarshe na daban, ya riƙa maimaita shi a ransa kullum, kuma ta rage wa mutane da yawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, ga na Dawanau a Kano. Roƙona ɗaya, kada a saya masa ƙwayar barci a kemis. Jiki na sabawa da ita, kuma ranar da aka daina kwatsam abin yakan dawo fiye da da.

Ɗan Tsangaya:
Na Bakin Kasuwa, kada ka ɗora mini abin da ban faɗa ba. Yadda na fahimta, an hana yawo da mummunan mafarki ne a majalisa, kowa ya fassara maka yadda ya ga dama ya ƙara maka tsoro. Wanda ya yi wata bakwai ba ya barci mara lafiya ne, kuma an umarce mu da neman magani. Gaya wa likita inda ke maka ciwo ba hira ba ce.

Yayar Marayu:
Na gode, Allah ya saka. Matsalar ita ce da ya ji an ce asibitin ƙwaƙwalwa zai ce mun mai da shi mahaukaci, kuma unguwa ma haka za ta ce. Jiya da dare na fito na same shi a kan turmin nan, ban ce masa ya kwanta ba. Na ɗauko tabarma na zauna kusa da shi, muka yi shiru tare. Can wajen ƙarfe huɗu kansa ya kwanto a kafaɗata, ya yi kamar rabin awa bai zabura ba. Ban motsa ba har hannuna ya mutu.

Sista, in na ce masa likitan barci za mu gani, na yi ƙarya? Kuma za su bari in shiga tare da shi?

Sista Mai Aikin Dare:
Ba ki yi ƙarya ba, rashin barcin ne zai kai ku. Amma ki faɗa masa sunan wurin tun a gida, kada ya gani a allon bakin ƙofa ya ji an yaudare shi, mutumin da aka taɓa ɗauka ba da sonsa ba. In ya yarda ki shiga, ki roƙi likita, yawanci suna so ma su ji daga bakin wanda ke ganin darensa. Ki rubuta a takarda sau nawa yake farkawa a mako da ƙarfe nawa, ki tafi da ita.