Shin Blu-ray tana mayar da tsohon faifan DVD ya zama HD?

Alhaji Mamman: Assalamu alaikum. Yara sun matsa mini in sayo na'urar Blu-ray. Amma faifan gidana kusan duk DVD ne, na wa'azi da na finafinan Kano. Telen falo tana da kafar HDMI guda, da Péritel (kafar nan mai faɗi), da ta wayoyin nan uku. Ku ba ni shawara.

Issoufou: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka saya kawai. Duk DVD ɗin da ka sa mata, 1080p take fito da shi, a jikin kwalin ma an rubuta. Ya zama HD ke nan.

Laouali mai gyara: Issoufou ƙanena, ban yarda ba. DVD irin namu layi 576 ne a hotonsa, faifan kuma 4.7GB yake ɗauka. Blu-ray layi 1080 ne, faifansa 25GB ko 50GB. Abin da na'urar take yi wa DVD, miƙe hoton take yi ta cike guraben da ƙiyasi. Kamar a ƙara wa fura ruwa ne, ƙwarya ta cika amma gero bai ƙaru ba.

Issoufou: Yaya, ni da idona na gani. Faifai ɗaya muka gwada a gidan abokina can unguwar Zaria, fuskar malamin ta fito tar, rubutun ƙasa ma ya daina rawa.

Laouali mai gyara: Tsohuwar na'urar da wace waya aka haɗa ta?

Issoufou: Rawaya, da fara da ja.

Laouali mai gyara: To ka ji inda bambancin yake. Rawayar nan ita kaɗai ke ɗaukar hoto, haske da launi a cakuɗe cikin waya guda, shi ya sa gefen rubutu ke rawa. HDMI kuwa lambobin da ke faifan take kaiwa tele ba tare da wannan cakuɗa ba. Na'urar DVD mai HDMI za ta ba ka kusan abin da ka gani, da kuɗi kaɗan.

Malama Rabi: Malam Laouali, kalmar "kusan" ɗin nan fa ita ce maganar. Ai ba duk na'urori ke miƙe hoto daidai ba, wata ta fi ƙaramar tele iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Issoufou ya zarce da ya ce HD, amma idonsa bai yi ƙarya ba.

Harouna: Baba Alhaji, in ta kai ga saye, kula da ta hannu. Blu-ray an raba shi yankuna uku, A, B, C, na'urar wani yanki ba lalle ta karanta faifan wani yankin ba. Mu da Turai B muke, Amurka A ce, kuma yawancin nasu wutar 120 suke ci, tamu 220. In ka ga an rubuta HD DVD, ka bar ta, wata aba ce daban, Toshiba ta daina ta tun 2008 kuma ba ta karanta Blu-ray. Péritel ba ta ɗaukar HD, kada wani ya sayar maka da ita a kan haka. Na'urorin Blu-ray da aka ƙera bayan 2013 ma galibi HDMI kaɗai gare su.

Alhaji Mamman: Allah ya yi albarka. To amma HDMI ɗin nan guda, dikodar Canal+ ce a kanta.

Laouali mai gyara: Akwai ɗan akwatin da ke karɓar HDMI biyu ko uku ya fitar da ɗaya, Alhaji. Waya kuma mai arha ta wadatar a tsawon mita biyu, kada a ruɗe ka da mai bakin zinari. Abin da na fi so ka tambaya a babbar kasuwa kafin ka ciro kuɗi shi ne faifan Blu-ray na gaske. In babu su, me ka saya?

Issoufou: Ni dai ina kan bakata. Yaya Laouali, zan aro ta abokin nan in kawo shagonka ranar Juma'a bayan masallaci. Ka tanadi DVD mai HDMI, mu haɗa su a tele guda Alhaji ya gani.

Laouali mai gyara: Na yarda, amma faifan daga gidan Alhaji za a ɗauko.