Sabuwar motata baƙa ta fara zane-zane bayan wanki, ina mafita?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanan nan Allah ya hore mini baƙar Corolla, fentinta sumul. Ina kai ta wani wurin wanki a unguwarmu a nan Kano, sannan kullum da safe yaron gidana yana kaɗe mata ƙura da tsumma. Yanzu idan rana ta haska bonet ɗin sai in ga wasu siraran layuka sun yi da'ira kamar saƙar gizo-gizo. A inuwa ba a ganin komai, a rana kuwa har kan ƙofofi da but. Abin yana damuna ƙwarai, don na sha wahala kafin na mallake ta. Fentin ne ya lalace? Akwai gyara ko sai an sake fesawa?

Mai Fenti:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya. Kwantar da hankalinka, launin bai taɓu ba. Fentin mota hawa-hawa ne, na saman nan mai sheƙi da muke kira kiliya shi ne ya ƙwarzane. Ƙurar hunturu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, da zarar an ja busasshen tsumma a kanta to an zana motar ke nan. Baƙar mota ce ta fi tona asirin wannan, fara ko mai ruwan azurfa ma tana yi, sai dai ba ya fitowa sosai.

Ka sa farcenka ka ja a hankali a kan layin. In bai maƙale ba, folish zai ɗauke shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, sai aikin fenti. Amma ka sani folish cin kiliyar yake yi, ita kuwa kaurinta bai kai na takardar rubutu ba. Don haka ba abin yi ba ne duk wata, kuma kada ka ba wa wanda bai iya riƙe injin folish ba, zai iya ƙona gefen bonet ko ya bar maka wasu sababbin layukan.

Direban Kaduna:
Yallaɓai, ni shawarata a bar maganar folish sai hunturu ya wuce. In ba a canza yadda ake wankin ba, ko an goge za su dawo.

Fara da hana yaron nan taɓa ta a bushe. Gara ta yini da ƙurarta. Ranar wanki a fara sheƙa mata ruwa da tiyo har ƙasar ta sauka kafin hannu ya taɓa ta. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk shafa ɗaya a ɗauraye tawul a na ruwan, sannan a mayar cikin kumfa. Daga rufi ake farawa a gangaro, ƙasan ƙofa da tayoyi su ne ƙarshe, kuma soson taya daban. A nan ne masu wankin bakin titi suke cutar mutane: soso ɗaya ya wanke taya, ya faɗi ƙasa, a ɗauka a ɗora a bonet. Ka sayi tawul ɗin maikrofaiba naka, wato mai laushin nan na goge mota, ka riƙa tafiya da shi, ka tsaya a kansu.

Maman Sadik:
Malam, a ƙara da sabulu. Omo da sabulun wanke-wanke suna cire man kariyar da aka shafa wa fenti, a nemi shamfu na mota. Kuma kada a wanke ta cikin rana, ruwan rijiyar burtsatse yana bushewa ya bar fararen ɗigo-ɗigo masu wuyar fita.

Baban Ummi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada farcen, bai maƙale ba. Tambaya ɗaya ta rage: in na saya mata rigar rufewa fa?

Mai Fenti:
Sai in a wanke take, Alhaji. In ka rufe ta da ƙura a jiki, iska za ta riƙa kaɗa rigar tana gogar fentin duk dare. Bayan an yi folish ɗin kuma a shafa mata waks, wato man kariyar fenti, ƙura ba za ta riƙa kamawa sosai ba.