Fijo 504 mai sabon inji amma ba ta ja

An tattauna kan wata Fijo 504 da aka sake haɗa injinta, amma in an taka totur sai ta yi nauyi. Yawancin makanikai sun ce a fara da taimin, wato daidaita lokacin da fulogi ke ba da wuta, don nan aka fi kuskure bayan haɗa inji. A duba wayoyin fulogi, jerin da silindoji ke samun wuta ya zama 1-3-4-2. Sannan kafireto, mai haɗa mai da iska: in mota ta shaƙe da zarar an taka, mai yiwuwa ɗan famfonsa da ke fesa mai ne ya mutu. Wasu sun ambaci toshewar salansa da birki mai kamawa. Ni dai na fi yarda da wani tsoho a cikinsu da ya ce in inji na ihu mota ba gudu, kulochi ne.