Labarina kan ambaliyar Maraɗi ta 1945 ya cije, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamaina da yayyena marubuta. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi. Littattafan Hausa da 'yan kasuwa ke ɗaukowa daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa su suka sa mini son rubutu, don a makarantarmu da Faransanci aka karantar da mu.

Yanzu ina rubuta ƙagaggen labari kan ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon garin Maraɗi a kwarin Gulbi har aka maido mutane bisa tudu, inda Turawa suka yanka unguwanni da tituna a miƙe. Daren ruwan ya rubutu lafiya: katangar laka na jiƙewa tana zubewa, mata na fitar da damman gero daga rumbu. Wurin rabon filaye na cije.

Tsofaffin da na zauna da su, bakinsu bai zo ɗaya ba. Wannan ya ce an yi adalci, wancan ya rantse na kusa da fada suka kwashe wurare masu kyau. Kuma jikokin kowa na nan garin, wasu ma gaisuwar safe ke haɗa mu. In na canza sunayen gidaje da unguwanni, labarin ya zama lami. In na bar su, na jawo magana.

Don Allah waɗanda suka taɓa rubuta labari kan tarihin garinsu, yaya kuka yi da irin wannan? Sannan ko takardun Turawa na rabon filayen suna ma'ajiyar tarihi ta Yamai, kuma ɗalibi na iya ganinsu? Na gode.