Neman shawara: abincina ba ya fita a hoto yadda yake a faranti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan abinci a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Muna yin tuwon shinkafa, miyar taushe da ta kuka, waina, dambu da farfesun kayan ciki. Wanda ya ci yana dawowa, alhamdu lillahi, amma hoto ya hana ni sakat. In na ɗauka da waya, miyar kuka ta fito baƙa ƙirin, tuwo ya yi shuɗi-shuɗi. Na kira wani mai hoton biki, ya zo da dare ya yi ta haska filashi, man miya ya riƙa ƙyalli, ɗakin kuma ya fito a cushe. In sake biyan wani ne, ko da abin da zan gyara da kaina? A Instagram da WhatsApp nake son sakawa.

Mai ɗaukar hoto daga Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wayarki ba ta da laifi, haske ne. Dubi kwalin ƙwan lantarkin da kika sa, na tabbata za ki ga 6500K, lambar launin haskensa, irin fari fat ɗin nan, shi ke shuɗanta tuwo. Kashe ƙwayayen duka, ki ja teburi bakin taga da hantsi. Haske ya zo wa farantin ta gefe ko ta baya kaɗan, kada ya zo ta inda kike tsaye. Ɓangaren da inuwa ta faɗa ki jingina farin kwali, zai mayar da haske. Filashi ta gaba shafe abinci yake yi, ba za a ga ramukan waina ba balle warwarar dambu.

Miyar kuka kuwa ta sha ba ni wahala. A farin kwano waya kan auna farin, ta bar miyar cikin duhu. Taɓa kan miyar a fuskar wayar kafin ki ɗauka, ki ɗaga hasken kaɗan. Ki bar nama ya leƙo sama, ki ɗiga man shanu. In kina da akushi, sa malmalar tuwon a ciki ki ga yadda fari ke tashi a kan baƙin itace. Tire mai kwanuka da yawa daga sama ake ɗauka, tuwo kuma daga inda idon mai ci yake in ya zauna. Ki riƙa goge gilashin kyamarar, musamman da ƙurar hunturu.

Wata 'yar uwa mai waina da sinasir a Daura:
Yaya, ki gama shirya komai da faranti babu komai a ciki, ki gwada hoton, sannan a kwashe waina daga tanda. Da ta sha iska ta kwanta, farfesu kuma mai ya daskare a kai. Tururi ba ya fitowa a hoto sai in bayan kwanon yana da ɗan duhu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan: don Allah naman da kike zuba wa mai saye, shi za ki zuba a na hoton. Mutum ya ga tsoka biyar a waya, a kawo masa biyu, ba zai yi miki magana ba, zai dai faɗa a majalisa, kuma garuruwan nan namu kowa ya san kowa. Kada ma ki bari a ƙara wa miya kala har taushe ta koma ja wur. Goge bakin kwano gyara ne, ƙarin nama yaudara ce.

Wani ɗan uwa mai aikin allunan talla:
Hajiya, hoton abinci za ki iya da kanki, amma hoton cikin ɗaki ki biya gwani sau ɗaya. Yana buƙatar ƙafar kyamara da gilashin kyamara mai ɗaukar wuri da faɗi, a riƙe kyamarar daidai don kada bango ya karkace. Ki ce ya nuna miki aikin gidan abinci da ya taɓa yi, ba na amare ba. Kafin ya zo ki sa ƙwayayen su zama iri ɗaya, 3000K, mai ɗan rawayan nan, ya fi daɗin ido, ki kawar da wayoyin caji da buta. In layuka suka fito a bidiyo, ƙiftawar wutar lantarki ce, tunda tamu 50Hz ce ya sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa.

Ku rubuta adadin hotuna, da cewa za ki sa su a allo da takardar jerin abinci. Ya turo su a matsayin fayil, don WhatsApp na rage ingancin hoto. Na Instagram a yanka a tsaye, faɗi 1080 da tsawo 1350. Kada a ɗauki fuskar kowa yana cin abinci sai da izininsa, balle matan mutane.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Malam na Ƙofar Marusa, taga ɗaya gare ni, kuma yamma take kallo. Za ta yi?

Mai ɗaukar hoto:
Za ta yi, Hajiya. Da hantsi rana ba ta shiga ta kai tsaye, haskenta mai laushi ne, matso da teburin dab da ita. Bayan la'asar kuwa rataya farin mayafi mara kauri a jikinta. Ɗauki taushe da kuka gobe ki turo nan mu duba.