Mai gonar inabi ya yi wa ma'aikatan safe adalci kuwa?

Ɗan kwangila: Salama gare ku 'yan'uwa. Wa'azin yau bai zauna mini ba, gara in faɗa a nan da in riƙe a ciki. Matiyu 20:1-16 aka karanta, wani misali da Yesu ya bayar. Mai gonar inabi ya fita da sassafe ya ɗebi ma'aikata a kan dinari guda a yini. Ya sake fita wajen ƙarfe 9, da 12, da 3, har ƙarfe 5 na yamma ya kwaso wasu. Da yamma ta yi aka ba kowa dinari guda. To, ni shekarata 14 a aikin gini. Ranar zuba dakin, wato rufin kankare, yaron da ya ɗauki kwanon siminti tun ƙarfe 7 har wuyansa ya sage, in ba shi daidai da wanda ya zo ana wanke shebur? Gobe ba wanda zai zo mini da safe. Wannan misalin na sama ne, ba a iya rayuwa da shi a ƙasa.

Ɗalibi: Yaya, ka riga ni a baki. Ai Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci, 2 Tasalonikawa 3:10. Yaya za a yi mutum ya yini a inuwa ya karɓi na wanda ya yini a rana?

Malamin makarantar Lahadi: Ɗana, wa ya ce maka a inuwa suka yini? Koma aya 6 da 7. Mai gonar ya tambaye su dalilin tsayuwarsu yini guda ba aiki, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Bulus kuwa da wanda ya ƙi aiki yake. Waɗannan a kasuwa aka same su, wurin da ake ɗibar ma'aikata, har ƙarfe 5 ba su koma gida ba. Malalaci ba ya kai wannan lokacin yana jira.

Mama shugabar zumuntar mata: Malam, bari in sa baki, don ni na ga wannan da idona. Lokacin noman firi nakan je bakin titi inda 'yan ƙwadago suke taruwa da fartanyoyinsu. Mota na tsayawa sai ka ga an yi kanta. Majiya ƙarfi ake fara tsincewa, kafin rana ta ɗaga an kwashe su. Bara na koma da azahar don masarata ciyawa ta ci ƙarfinta, na tarar da mutum uku kawai: wani dattijo mai ɗingishi, da yara biyu da fartanyar ta kusa fin su tsawo. Dattijon ya yi wa bakin fartanyarsa wasi har tana ƙyalli, ya jingine ta a gwiwa, yana bin kowace mota da ido. Ya yi mini kunya shida kafin magariba. Da na zo biya na tsaya ina lissafi, sai na tuna mai awo ba ta rage wa mutum kuɗin mudun masara don rabin yini ya yi aiki. Na ba shi na yini.

Ɗan kwangila: Mama, Allah ya saka. Amma sauran da suka yini sun gani?

Mama shugabar zumuntar mata: Ba su gani ba, a gefe na ba shi. Ba ni da ƙarfin halin mai gonar nan, ɗana.

Baba dattijon ikilisiya: To, nan ne wurin da nake so ku tsaya. Mai gonar bai ɓoye ba. Ya ce wa wakilinsa ya fara biya daga na ƙarshe zuwa na farko. Da an sallami na safe tun farko, da sun tafi gida da murna, dinarinsu a aljihu, ba wanda zai san kome. Abin da suka yi jinga a kai shi aka ba su, ko anini ba a rage ba. Me ya ɓata musu rai ke nan? Duba ƙorafinsu a aya 12: ba su ce an rage musu ba, cewa suka yi an daidaita su da waɗancan. Mai gonar ya kira ɗayansu aboki, ya tuna masa yarjejeniyarsu, sannan ya tambaye shi ko baƙin ciki yake don shi mai alheri ne. Ni wannan tambayar ta fi shekara 40 tana bina. Maƙwabcina ya yi rufin kwano kafin ni, na kwana ban yi barci ba, alhali ɗakina ba ya yoyo.

'Yar ƙungiyar mawaƙa: Baba, ku gafarce ni, abin har cikin sujada yake. Wata ta shigo ƙungiyarmu wata uku kacal aka ba ta jan baiti ranar Kirsimati. Mu da muka yi shekaru muna zuwa koyon waƙa ko ana ruwa, ranar ba wanda ya buɗe murya sosai a amshi. Ni ma ina ciki.

Ɗalibi: Amma Baba, misalin da "Mulkin Sama" ya fara. Kuma amsa ce ga Bitrus, da ya ce a Matiyu 19:27 sun bar kome sun bi Yesu, me za su samu. Ke nan maganar ceto ce, kamar ɓarawon nan na kan gicciye a Luka 23 da ya samu shiga a ƙurarren lokaci. In haka ne Yaya ya yi gaskiya, ba tsarin biyan lebura ake koya mana ba.

Baba dattijon ikilisiya: Rabin maganarka na karɓa. Ban ce ɗan'uwanmu ya rushe lissafin aikinsa ba, in ya yi haka kwangila za ta gagare shi. Amma "na sama ne" ɗin nan da shi muke tura duk abin da ya yi mana nauyi. Misalin Basamariye mai kirki, wanda ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka raunata, shi ma sai mu ce na sama ne, mu wuce mai haɗari a hanya.

Malamin makarantar Lahadi: Akwai ma abin da ya shafi ƙasa kai tsaye wanda muka tsallake. Mai gonar ya biya a ranar, da yamma. Doka ce: Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce kafin faɗuwar rana, don matalauci ne, a kan kuɗin ya sa ransa. Dinari kuwa kuɗin yini ne na lebura a zamanin. Wanda aka ba kashi ɗaya cikin 12 na dinari, me zai kai gida?

Mama shugabar zumuntar mata: Ɗana ɗan kwangila, kai da kake kare na safe, yaranka a ranar kake sallamarsu ko sai Asabar?

Ɗan kwangila: Mama kin kama ni. Wani lokaci Asabar ɗin ma takan wuce, in mai gini bai sako kuɗi ba. Wannan kam ba ni da ta cewa. Amma a kan biyan kowa daidai har yanzu ina nan a kan bakana. Na safe yana da hakkin a ga wahalarsa, ko da ɗan ƙari ne a kai.

Ɗalibi: Ni ma ban sauka ba. In da mai gonar ya ƙara wa na safe ko rabin dinari, wa zai yi asara?

Baba dattijon ikilisiya: Sai na ƙarfe 9 su ce su fa? Ka rubuta tambayar ka kawo nazarin Laraba, a sa Fasto ya yi gumi.

Ɗan kwangila: Mama, dattijon nan mai ɗingishi yana nan? Ina da tankaɗen yashi ranar Talata, ba aikin hawa sama ba ne. Amma ban yi alkawarin kuɗin yini ba fa.

Mama shugabar zumuntar mata: Yana nan, shekaranjiya na gan shi a bakin titin. Ba shi da waya, sai na aiki jikana. Ƙarfe nawa zan ce masa?