Samari sun mai da katangar gidana allo, har sun kai ga sunan 'yata

Maman Nana, Karkada, Damagaram:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga iyaye da masu sana'ar gini. Gidanmu a kan kwana yake, katangar ta bi layi biyu. Tun bara wasu samari suka kafa fada, wato majalisar hira, a gindinta: benci, tabarma, butar shayi da rediyo. Ban taɓa ce musu uffan ba, don zamansu ma ya rage mini tsoron ɓarayi, maigida direba ne, rabin wata yana hanyar Agadas. Da fari da gawayi suka rubuta sunan fadarsu, sunan wani birni na Amurka, na ce damina za ta wanke. Ruwa na ɗaukewa suka dawo da fentin feshi, baƙi da ja, kowane harafi ya kai tsayin yaro. Maigida ya sa aka bi da farar ƙasa, tana bushewa rubutun ya sake lekowa ta ƙasa. Can kuma wasu suka zo cikin dare suka ja layi a kan sunan, suka rubuta ashar da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Duk na haɗiye.

Abin da ya hana ni barci shi ne na shekaranjiya. An wayi gari da sunan 'yata a jikin ƙofar ƙarfe, haɗe da sunan wani yaro, an zana zuciya a tsakani. Yarinyar nan an sa mata rana bayan babbar Sallah, kuma dangin mijin ta layinmu suke bi zuwa kasuwa. Ta rantse ko gaisawa ba sa yi da yaron, sai kuka take. Na rataya tsohuwar tabarma a wurin. Me ke cire wannan fenti? Komisariya, ofishin 'yan sanda, zan je ko wurin mai unguwa? Ko in kore su gaba ɗaya? Maigida bai sani ba tukuna, zuciya gare shi.

Isufu mai fenti, Zango:

Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki fara da ƙofa, ita ce ta gaggawa kuma ita ce mai sauƙi, don ƙarfe ba ya shan fenti. A sayo man sirka fenti a kantin kayan gini. A jiƙa tsumma, a fara gwadawa can ƙasan ƙofa inda ido ba ya kaiwa, saboda yakan ɗebo har da fentin asali. A riƙa gogewa daga gefen harafi zuwa tsakiyarsa ana sauya tsumma, in ba haka ba baƙin bazuwa zai yi. Da rana za a yi, nesa da murhu da garwashin masu shayi, kuma kar a ba ƙaramin yaro. In ƙofar ta yi dabbare-dabbare sai a sake mata fenti gaba ɗaya.

Katanga kuwa wani zance ne. Siminti yana shan fenti, kar a kuskura a zuba masa fetur ko man sirki, narkar da shi zai yi ya ƙara tura shi ciki. Farar ƙasa kuma ba ta da jikin da za ta danne baƙi da ja, shi ya sa kuɗinku ya tafi a banza. Sai an kankare da burushin ƙarfe har farar ƙasar ta fita, don fenti ba ya kama wuri mai gari. A share ƙura, a bi rubutun da fentin mai hannu ɗaya, ya bushe, sannan a shafe fuskar katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Faci ya fi rubutun muni. Ki zaɓi launin ƙasa, farar katanga kiran mai gawayi take yi. Amma kada ki sayi ko gwangwani ɗaya na katanga sai an gama magana da yaran.

Alhaji Mamman, Sabon Gari:

Ni ban ga abin lallashi a nan ba. Ɓata dukiyar mutum laifi ne, ɓata sunan 'yar mutane ya fi shi. Kafin a goge komai a ɗauki hoto da waya, ƙofa da katanga duka. Gobe da safe ki tafi komisariya tare da ƙanin mijinki. Biyu daga cikinsu suka kwana can, sauran za su shiga taitayinsu.

Sani Kabu-kabu:

Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, na yi zaman fada kafin Allah ya hore mini babur. Rubutu uku ne a gidanki, kuma hannu uku ne suka yi su, kada ki haɗa su a kwando ɗaya.

Sunan fada alama ce kawai, ana cewa nan wurin zamanmu ne. Duk wanda ke zaga gari daga Kara-Kara zuwa Garin Malam ya saba ganinsu. Ba don a ci mutuncinki aka yi ba, ko da yake ba su da hurumin yi. Layin da aka ja a kai da ashar ɗin nan, shi ne ya kamata ya fi tayar miki da hankali, domin neman faɗa ne daga wata fada ko 'yan pale, wato gungun 'yan daba. Muddin yana nan a jiki, kullum yaran suna kallonsa ana zuga juna, sai an rama, kuma a ƙofar gidanki za a yi ta. Ko da toka da baƙin gawayi ne a rufe ashar ɗin yau, kafin a zo maganar fenti mai kyau.

Sunan Nana kuwa ba aikin fada ba ne, aikin mutum ɗaya ne. Galibi wanda ya ce yana so aka ƙi shi ne, ko wanda ya ji an sa rana abin ya tsaya masa a rai. Kuma ba lalle yaron da aka rubuta sunansa ne ya yi ba, sau da yawa shi ma shafa masa kashin kaji aka yi. Wa zai yi ɓarna ya sa hannu da sunansa?

Kowace fada tana da shugaba. Ki sa wani babban namiji na gidanku ya kira shi shi kaɗai cikin zaure, ba a gaban yaransa ba, don a gabansu dole ya nuna shi ma wani ne. A ba shi ruwa, a nuna masa hoton, a ce masa: kuna zaune a ƙofar nan aka yi wa ƙanwarku haka? Wallahi kunya ce babba a wurinsu. Sun san rubutun juna, sun san wanda ya shigo da gwangwani, sun san wanda yatsansa ya yi ja washegari. In aka fara da 'yan sanda, duk wanda aka tarar kan benci za a kwasa, har da wanda bai ji ba bai gani ba. Su fito, Baba yana hanya, ke kaɗai ce da yara a gida.

Alhaji Mamman:

Wato yanzu mai gida ne zai roƙi yara alfarma a kan katangarsa? Lalacewar ta kai haka?

Sani Kabu-kabu:

Ba roƙo ba ne Alhaji, ranka ya daɗe. Hoton da ka ce a ɗauka yana nan a waya, shugaban ma ya san yana nan. Komisariya ba ta gudu.

Hajiya Zuwaira:

'Yar'uwa, maza suna ta zancen fenti, ni zancen aure ya dame ni. Tabarmar nan da kika rataya ta fi rubutun jan ido, kowa zai so ya ɗaga. Yau ɗin nan ki tura gwaggon yarinyar gidan surukai, ta faɗa musu da bakinta cewa wani mara kunya ya yi kaza, ana nemansa. Su ji daga gare ku kafin 'yan kai-komo su kai musu da gishiri. Maigida kuma ki kira shi da daddare bayan ya ajiye mota, ba yana tuƙi ba. Ɓoyewa ba taki ba ce, in ya ji a tasha laifin kanki zai dawo. Nana kuma a daina titsiye ta da tambaya, ta riga ta rantse.

Abdu ɗan Tudun Jamus:

Mafi sauƙi, bayan an yi fenti a rubuta aya ko sunan Allah da manyan baƙaƙe. Ba mai ƙarfin halin fesa wani abu a kai.

Malam Ilya:

A'a ɗana, kar a yi haka. Katangar waje ce, awaki na goga jiki, yara na tsugunawa a gindinta, kwata na bi ta ƙasa. Ba a mai da aya maigadin bango. In kuma wani mashayi ya zo cikin duhu ya fesa a kai, rigimar da za ta tashi ta fi wadda ake gudu.

Mushe Habu, tsohon malamin makaranta:

Ina bayan Sani, da ƙari ɗaya: kada maganar ta tsaya a zaure. Bayan an gano mai laifi a kai ta gaban mai unguwa. Doka a Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, kuma mai unguwa ya san uban kowane yaro da ke kan bencin nan. A kira iyayen, liman ya zauna, a rubuta abin da aka amince a takarda kowa ya sa hannu. Hukuncin da na ga yana aiki shi ne uba ya sayi fenti, ɗan ya yi kankara da hannunsa da rana tsaka, abokansa na kallo. In sun ƙi, sai a bi hanyar Alhaji, kuma in yaron bai kai shekara 18 ba akwai alƙalin yara. Abin da ya shafi fitilar layi ko katangar makaranta, wannan na ofishin magajin gari ne, kowace cikin gundumomi biyar na birnin nan tana da nata.

Mu manya ma dai mu duba kanmu. Wa ya fara rubuta "an hana fitsari a nan" da baƙin mai? Wa ke rubuta "gidan nan ba na sayarwa ba ne"? Ga masu maganin basir da lambar waya, ga 'yan siyasa lokacin zaɓe, ba wanda ya taɓa sallama da mai gida. Yaro ya tashi yana ganin bango ba shi da mai shi.

Rabi, Birni:

Don Allah in tsoma baki, mu ma ya same mu, amma namu ginin ƙasa ne na kakanmu, mai zane a fuskar zaure. An fesa shuɗi a kan zanen. Hanyar Isufu za ta yi mana?

Baba Garba magini:

Ko kusa, 'yata. Burushin ƙarfe zai cinye zanen, fentin mai kuma yana toshe ginin ƙasa, danshi ya taru a ciki, yaɓen ya ɓanɓaro. Siminti ma haka. Da bakin wuƙa ake kankare fatar sama a hankali, iya inda shuɗin ya taɓa, sannan a kwaɓa ƙasa irin ta wurin a mayar da hannu, a bi da makuba in da ita aka yi na asali. Ki nemi maginin gargajiya cikin Birni ko Zango, kada ki ba ɗan kwangila. A gama kafin ruwan farko.

Mushe Habu:

Rabi, ku sanar da mai unguwarku shi ma. Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, irin zanen zaurenku ne baƙi ke zuwa gani.

Maman Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An ɗauki hoto, ƙofa ta fita tas, sai ɗan dishi-dishi da za a rufe. Gwaggonta ta je, uwar mijin cewa ta yi sun riga sun gani, suna jiran su ji ko za mu yi magana. Maigida ya yi faɗa ya huce. Ƙaninsa ya zauna da shugaban fadar, yaron ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi zuwa Juma'a zai kawo wanda ya yi gaban mai unguwa. Ashar ɗin su da kansu suka rufe. Sai dai ya kawo wata magana: wai za su kankare katangar su shafa fentin kyauta, in za a bar musu ɗan wuri a ƙarshen kwana su mayar da sunan fadarsu ƙarami. In yarda?

Sani Kabu-kabu:

Ki karɓi aikin, kada ki karɓi sunan. Muddin yana jikin katangarki, waɗancan za su dawo su ja masa layi. Su samo falle na kwano ko katako su rubuta abinsu, su jingina in sun zauna, su ɗauke in sun tashi. A sa wannan cikin takardar mai unguwa.

Isufu mai fenti:

Kankara da shara ki bar musu, ƙarfi gare su. Sirka fenti dai kar ki ba su, za su tsinka shi ya zama ruwa, baƙin ya sake fitowa. Ki samu mai sana'a ya haɗa, ya tsaya a kansu. A yi da sassafe ranar da ba iska, in ba haka ba ƙura za ta manne a jiki. Ragowar fentin kuma a toshe bakin gwangwanin da kyau a ajiye a inuwa, duk ranar da aka ga sabon rubutu a shafe shi kafin azahar.